Hagun Intala

A shekarar 1957 na fara ganin Intala, a watan da ruwan farko ya sauka a kan duwatsun Abzin. Ina da shekara ashirin da biyu, na fito daga lakwal, wato makarantar 'yan mishan, a Damagaram da takardar shaida da rubutun hannu mai kyau, aka ɗauke ni tafinta a wani sansani na Nasaru masu binciken duwatsu. Sansanin yana cikin fili, yamma da duwatsu, arewa da Agadas. Wanda ya san Arlit ta yau, da bas-bas na ma'aikata da 'yan kabu-kabu da fitilun da ba sa mutuwa, da wuya ya yarda cewa a lokacin babu ko bango ɗaya a wannan yanki. Tantuna ne kawai, da gangunan ruwa da na mai, da kamyo biyu, wato manyan motocin kaya, da wata na'ura da Nasaru ke ratayawa a kafaɗa, mai kuka kamar gyare idan an kusanta ta da wani dutse mai ruwan ɗorawa. Ba a gaya mana abin da ake nema ba. Sai daga baya muka ji sunansa, uraniyom.

Intala shi ne jagoran sansanin. Ba'abzine ne dogo, ya haura arba'in, yana da garka a wani kwari kusa da Iferwan inda shi da matarsa Mina suke noman alkama da albasa a ƙarƙashin dabinai. Ambaliya ce ta rufe masa rijiya da yashi a shekarar da ta wuce, shi ya sa ya sauko neman aiki. Aikinsa ya hau gaban kamyo ya nuna inda ƙasa za ta ɗauki taya da inda za ta haɗiye ta. Hausarsa ta ayari ce, wadda ya koya yana saurayi a hanyar gishiri zuwa Damagaram da Kano. Bai taɓa bambanta "ya" da "ta" ba. Zai ce maka Mina ya aiko da cuku, ko rana ya faɗi, kuma idan ka gyara masa sai ya dube ka kamar ka gyara masa tafiyar raƙuminsa. Ni da aka yi wa bulala a kan nahawun Faransanci, na yi wata guda ina gyara masa kafin na gane cewa ni kaɗai abin ya dama.

Fuskarsa kuwa ban san ta ba. Ido biyu da karan hanci, shi ke nan. Amawalinsa, wato ɓangaren rawani da ke rufe baki, ba ya sauka a gaban kowa. Ko shayi zai sha sai ya cusa kofin ta ƙarƙashinsa. A wurinsu namiji ya bar bakinsa a buɗe gaban mutane kamar ya tsaya ne tsirara a kasuwa.

Na uku a cikinmu shi ne Gaji, makanikin sansanin, Babarbare daga Gure. Ya yi aiki a garejin tashar jirgin ruwa ta Abijan, can ya shiga sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, ya dawo da katinta a aljihu da baki cike da magana. Kuma bahago ne. Da hagu yake riƙe sifana, da hagu yake miƙa maka kaya idan ya manta. Ranar farko da ya miƙa wa Intala kofin shayi da wannan hannu, Intala ya bar shi a tsaye da kofin yana kallon wani wuri, har sai da Gaji ya sauya hannu.

"Buzu, hannun nan shi ya tayar da motar da kake hawa kana taƙama," in ji Gaji.

"Motar ya ci da shi. Ni ba na ci," in ji Intala.

Daga nan suka zama abokai, irin abokan da ba sa wuni ba su yi musu ba.

Bayan la'asar muke zama a inuwar kamyo, Intala na hura gawayi, Gaji na wanke baƙin mai da yashi. A irin wannan zama ne maganar hagu da dama ta fara shigowa, don a shekarun nan ta cika bakin duk wanda ya taɓa shiga lakwal ko sandika. Gaji ya buga ƙirji ya ce shi mutumin hagu ne, a hannu da zuciya. Intala ya ce masa ƙarya yake, don kowa ya san Gure tana dama. Muka yi dariya, muna tsammanin wasa yake yi. Sai da ya maimaita da gaske na tsaya na tambaye shi. Ya miƙe, ya fuskanci alƙibla kamar zai ta da salla, ya buɗe hannuwansa biyu. Na hagu ya nuna arewa, na dama ya nuna kudu. Ya ce a harshensu na Tamajak kalma ɗaya ce ke ɗauke da hagu da arewa, ɗaya kuma ke ɗauke da dama da kudu, tun da mutum idan zai faɗi inda abu yake, gabas yake kallo, ba inda hancinsa ya ga dama ba. Shi da ya koyi Hausa sai ya kwaso abin yadda yake. Iferwan hagu ce. Agadas da Damagaram da Gure dama ne. Ko ya juya baya, ko ya kwanta, hagunsa tana nan inda Allah ya ajiye ta.

Gaji ya zauna ya yi masa bayani, ni ma na ƙara da abin da na karanta a wurin Fada-Fada, malamanmu na mishan. A can Faransa, tun da daɗewa, wakilan jama'a sun taru a zaure ɗaya don su yanke yadda za a yi da sarkinsu. Waɗanda suke so sarauta da coci da tsohon tsari su zauna yadda suke, suka zauna a hannun dama na mai shugabantar taron. Waɗanda suke so a sauya, a rage wa manya a ƙara wa talaka, suka zauna a hagunsa. Sarkin ya tafi, zauren ma an sake shi, amma sunan ya zauna. Gaji ya ce a zamaninmu ɗan hagu shi ne mai cewa baƙar fata da Nasara idan sun yi aiki ɗaya a biya su daidai, kuma abin da ke cikin ƙasa na masu ƙasa ne. Ɗan dama kuwa shi ne mai cewa a bi a hankali, a girmama na gaba, kowa ya riƙe abin da ya gada, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Intala ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko hagun wa ake nufi, ta wanda ke zaune a kujera ko ta wanda ya shigo ta ƙofa yana kallonsa. Ya ce hagun da ke juyawa idan mutum ya juya ba abin dogaro ba ce, mai bin ta a hamadar Tenere ƙishirwa za ta kashe shi.

Na sha ƙoƙarin gano ɓangaren da zan ajiye shi, ban iya ba. Idan Gaji ya zagi sarakuna, Intala ya ɓata rai ya ce jama'ar da ba ta da babba garke ne ba makiyayi. Yana ganin ɗan maƙeri maƙeri ne, ɗan malami malami, kuma haka ya kamata. A nan sai Gaji ya ce masa ya fi kumandan Nasara zama ɗan dama. Amma ranar da shugaban sansaninmu, wani injiniya mai sanƙo, ya sa aka kewaye rijiyar da ke kusa da mu da waya don kada dabbobin makiyaya su gurɓata ta, Intala da hannunsa ya kwance wayar da safe, ya naɗe ta, ya kai ƙofar tantin injiniya ya ajiye. Ya ce a gaya masa ruwa ba shi da ubangida sai Allah. Gaji ya yi ta tsalle yana cewa yau Buzu ya shiga sandika. Yawancin mutanen da na sani a rayuwata haka suke, wani abu nasu na can, wani na nan, sai dai idan an zo tambayarsu, ɗaya ake so su zaɓa.

A damina ta 1958 aka sanar cewa za a yi wote, wato jefa ƙuri'a, a duk ƙasashen da Faransa ke mulki. Ko a ce i, a zauna tare da ita cikin sabon tsari, ko a ce a'a, a rabu nan take. Jam'iyyar da ke cewa a'a a ƙasarmu ita Nasaru ke kira ta hagu, alamarta kuwa raƙumi. Babbar mai cewa i alamarta giwa. Hankalin hukuma ya tashi ƙwarai a kan arewa, domin tsofaffinsu ba su manta da tawayen da Abzinawa suka yi a zamanin babban yaƙi na farko ba, ga kuma dutsen nan mai sa na'ura kuka. Sai aka tura wani laftana, matashin hafsan soja, ya zaga sansanoni da rijiyoyi ya ji ra'ayin jama'a kafin ranar.

Ranar da ya iso wurinmu ni da Gaji muna Agadas, mun je ɗauko kayan gyaran mota da wasiƙu. Tafintan da ya zo da shi wani gardi ne, dogarin kumandan, ɗan kudu, mai Hausar bariki, wanda ke juya kowace kalma yadda ta zo masa. Kukun sansanin ne ya ba mu labarin yadda aka yi. Laftana ya sa aka tambayi Intala ko shi na hagu ne ko na dama. Intala ya ce na hagu, shi da ubansa da kakansa. Aka tambaye shi ko akwai irinsa da yawa. Ya ce duk wanda ke cikin duwatsun nan na hagu ne, na dama baƙi ne, zuwa suke yi su koma. Aka ce tsakanin giwa da raƙumi wanne ya zaɓa. Ya yi dariya ya ce shi bai taɓa ganin giwa ba, kuma me za ta ci a nan. Da laftana ya tambaya ko zai iya tara waɗannan mutane nasa, Intala ya ɗauka aikin jagora ake nema musu, ya ce idan ya aika, kafin Juma'a raƙumansu za su cika filin nan, kowa da takobinsa kamar yadda aka saba.

Da muka dawo da hantsi washegari, tun daga nesa na ga mutane sun yi cirko-cirko a bayan motar soja. Na sauka na matsa. Wani mutum ne zaune a ƙasa, an ɗaure hannuwansa ta baya da sarƙa a jikin ƙarfen motar, kansa ba rawani. Yana da gemu mai furfura kaɗan, da wushirya, da wani tsohon tabo a leɓe. Na dube shi na wuce, ina tambayar kuku ina Intala. Kuku ya nuna mini mutumin da haɓa.

Fiye da shekara muna ci muna sha tare, ban san yana da wushirya ba. An kwance masa rawani ne wai don a ɗauki hotonsa a aika Agadas, aka jefa rawanin cikin mota tare da takobinsa a matsayin shaida. Tun jiya da la'asar yake zaune haka, a gaban leburori da direbobi da matan makiyaya da suka zo ɗiban ruwa. Ya sunkuyar da kai iyakar yadda sarƙar ta bari, yana ƙoƙarin ɓoye bakinsa a kafaɗarsa, ba ta kai ba. Bai dube ni ba, ni ma na kawar da ido, don na ji kamar ni ne na yi masa tsiraicin.

Na ruga wurin laftana. Cikin Faransancin da na fi alfahari da shi na shiga yi masa bayanin alƙibla da arewa da kudu. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ce bai zo daga Agadas don a koya masa harsuna ba. Mutumin ya faɗa da bakinsa, gaban shaidu, cewa shi ɗan hagu ne kuma yana da mayaƙa. Za a kai shi Agadas, daga nan kuma wani kaso, wato kurkuku, can cikin hamada ta gabas inda ake kai irinsu. Na san sunan wurin, na kuma san cewa masu shekarun Intala ba su cika dawowa ba. Injiniya yana tsaye yana goge sanƙonsa. Ya ce shi dai jagora ne mai kyau, amma siyasa ba aikinsa ba ce. Abin da ya fi girgiza ni a ranar shi ne laftanan ba mugu ba ne. Yaro ne mai ladabi, har kujera ya ba ni. Ya yi imani da gaske cewa ya kama wutar tawaye tun tana ƙarama, kuma duk dalilinsa bai wuce wurin zaman waɗansu mutane a wani zaure na Faris ba, mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakan Intala.

Gaji bai bi ni wurin laftana ba da farko. Ya cire rigarsa ta aiki, mai baƙin mai, ya je ya durƙusa gaban Intala ya naɗa masa ita a kai, ya ja hannun rigar ya rufe masa baki ya ɗaure. Gardi ya daka masa tsawa, bai waiwaya ba. Sannan ya zo ya tsaya gaban teburin laftana daga shi sai singileti, ya ciro katin sandika ya ajiye.

"Malam Mano, faɗa masa yadda na faɗa, kada ka sa masa zuma," ya ce da ni. "Ɗan hagun da yake nema ga shi nan. Ni nake bi tanti-tanti ina ce wa leburori su jefa a'a. Ni na kawo takardun jam'iyya daga Agadas cikin akwatin sifanu, yanzu ma suna ciki, ya aika a duba. Wancan Buzun ko sunan jam'iyyar bai sani ba. Kullum faɗa muke yi da shi, sarakuna yake so."

Na fassara. Aka buɗe akwatin aka sami takardun. Laftana ya daɗe yana duban katin. Bai ce ya yi kuskure ba, kuma ban ga alamar ya yarda da zancen arewa da kudu ba. Abin da ya gani shi ne ya sami wanda ya fi dacewa da rahotonsa, mai kati da takardu da Faransancin tashar jirgi. Aka kwance sarƙar daga hannun Intala aka ɗaura wa Gaji. Da motar za ta tashi Gaji ya leƙo ya ce wa Intala ya wanke masa rigar kafin ya dawo, kuma da hannun dama. Intala bai yi dariya ba, bai kuma yi godiya ba. Ya karɓi rawaninsa daga hannun gardi, ya shiga bayan ganguna ya naɗa, ya fito ya hau raƙuminsa ya tafi gida wurin Mina. Sai bayan wote ya dawo aiki, kuma bai ƙara zama shan shayi a inuwar kamyo ba.

An yi wote, i ta ci da rinjaye mai yawa. Gaji ya yi watanni a kaso a Agadas, aka sake shi, ba aiki, aka kuma hana kowane gareji ɗaukarsa. A ƙarshen 1959, ana sauran 'yan watanni Nasara ya sauka daga mulki, aka haramta jam'iyyar raƙumi gaba ɗaya, aka shiga kamun mutanenta. A wannan karon ba maganar watanni ake yi ba.

Wata ranar Talata da azahar kamyon ruwa ya dawo daga Agadas, sai ga Gaji ya fito daga tsakanin ganguna, ya rame har na kusa kasa gane shi. Ya ce jandarmomi, 'yan sandan Nasara, na bayansa, yana so ya sami motar da za ta sauka kudu, ya tsallaka Kano inda 'yan'uwansa na jam'iyya suka gudu. Intala ya ce masa duk mai nemansa ya san can zai nufa. Ya kira ƙanin Mina, Amumun, wanda ya zo sayar mana da awaki, ya yi masa magana da Tamajak. Ya durƙusar da farin raƙuminsa, wanda ko injiniya bai taɓa bari ya hau ba, ya ɗaura salka biyu, ya naɗa wa Gaji rawani har ido. Kafin la'asar Gaji da Amumun sun fita. Na bi su da kallo har suka kai babbar hanya, suka karya arewa, wajen duwatsun dangin Mina.

Dole in bayyana yadda wurin yake. Hanyar sansaninmu yamma take fita, ta je ta haɗu da babbar hanyar da ta taso daga Agadas a kudu ta wuce arewa. Wanda ya fito daga wurinmu, kudu na hagunsa, arewa na damansa.

Washegari da safe jandarmomi suka iso, shugabansu wani ajidan Nasara sabon zuwa daga bakin teku, da mutanensa 'yan kudu. Direban kamyo ya riga ya faɗa musu cewa ya kawo Gaji nan, kuma ya ga Intala na magana da shi. Ajidan ya juya motarsa ta fuskanci mafita, ya sa aka kawo Intala. Injiniya ya ce masa mutumin nan ba ya ƙarya, ko a kan abin da zai cuce shi, kowa ya shaida. Ajidan ya ce to a kawo Littafinsu ya rantse. Aka ɗauko Alƙur'anin kuku cikin gafakarsa. Intala ya yi alwala a natse, ya karɓe shi da hannu biyu ya rungume a ƙirji. Ajidan ya ce in gaya masa, idan aka kama shi da ƙarya, sarƙar da ya taɓa sha tana nan cikin mota, kuma wannan karon babu mai karɓar masa.

Aka tambaye shi ko Gaji ya zo, ya ce ya zo. Ko ya tafi, ya ce ya tafi jiya. Aka ce da ya kai babbar hanya, ina ya bi.

"Hagu ya yi," in ji Intala. "Na rantse da abin da ke hannuna, hagu ya yi."

Na ɗauka ya sayar da shi, don na san abin da hagu take nufi a bakinsa, na kuma ga inda raƙuman suka bi. Na dube shi, idanunsa na kan ajidan, hannuwansa biyu na kan Littafi, babu wanda ya rage da zai yi nuni da shi. Ajidan ya juyo gare ni yana jira. Fada-Fada sun koya mini cewa tafinta ba ya ƙari ba ya ragi, sai na ba shi kalmar da Faransanci yadda aka ba ni ita da Hausa. Ya kalli hanyar da ke gaban motarsa, ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna, ya ce dama ya sani, Kano zai gudu. Suka shiga mota. Muna tsaye muka ga sun kai mahaɗa, suka karya hagunsu, suka nufi kudu da gudu.

Sai a lokacin na zauna a kan ganga. Intala ya sumbaci gafakar, ya mayar wa kuku, ya je ya duba tayoyin kamyo don injiniya na son fita. Da yamma na same shi shi kaɗai na ce masa, da ajidan ya ce ka nuna da hannu fa? Ya ce da ya nuna, tun da ya rantse. Na ce da ya gane fa? Ya gyara amawalinsa ya ce an taɓa ɗaure shi a kan kalmar nan bai yi ƙarya ba, yau ma bai yi ba, su ne dai ba sa tambayar hagun wa.

Jandarmomi sun bi hanyar kudu har Tanut suna tare motoci. Ba su dawo wurinmu ba, don watanni kaɗan bayan haka ajidan da tutarsa suka koma gida. Gaji ya zauna cikin duwatsu wurin dangin Mina, daga baya ayari ya wuce da shi Gat, a Libiya. Farin raƙumin bai dawo ba, kuma ban taɓa jin Intala ya ambace shi ba.

Sai bayan sojoji sun karɓi mulki a 1974 aka yi wa irin su Gaji afuwa. Lokacin an gina Arlit, ina aiki a biro, wato ofis, Intala kuwa idonsa ya raunana, ya bar garka a hannun 'ya'yansa, yana gadin wani sito a bakin kasuwa. Gaji ya dawo da furfura da Larabcin Fezzan ta Libiya, ya buɗe ɗan gareji a hanyar tasha. Bakinsa bai mutu ba. Yana zagin masu ma'adinai da safe, yana gyara musu motoci da rana, yana kuma cewa har gobe shi ɗan hagu ne. Muka koma zaman la'asar mu uku a inuwar wani mataccen kamyo da ke gabansa.

Gaji ya san Intala ya ba shi raƙumi, yakan kuma tsokane shi cewa raƙumin ma ɗan dama ne, ba ya son sauri. Amma maganar rantsuwa bai san ta ba. Yana da labarin da yake so ya ba yaran gareji, na yadda jandarmomin Nasara suka rasa wayo suka bi kudu suna nemansa alhali yana arewa yana shan nonon taguwa. Yakan ce sa'arsa ce, don bahago ba ya rasa sa'a. Wata rana yana cikin labarin na buɗe baki zan faɗa masa abin da na gani da idona. Intala ya taɓa gwiwata.

"Malam Mano, shayinka ya huce," ya ce.

Na ɗauki kofina na sha. Gaji ya ƙarasa labarinsa, yaran suka yi dariya, ya zuba zagaye na biyu ya miƙa wa Intala da hagu kamar kullum. Intala ya kawar da kai yana kallon hanyar tasha, har sai da ya sauya hannu.